Amsar Baffa kan binne da sabon zanen hula

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ba ka gane dalilin da ya sa mutanenmu na Dukku suke binne ba, a zuba iri a busasshiyar ƙasa tun sama ba ta nuna alamar hadari ba, har ka tambaya ko wannan ba caca ba ce. Can ƙarshen saƙon kuma ka saƙala maganar sabon zanen hular da ka fitar, wanda kake tsoron ɗinkawa kada a ƙi saya. Na lura ita ce ta fi damunka.

Binne ba caca ba ce. Gero ake binnewa, ba ka taɓa ganin mai hankali ya binne gyaɗa ko masara ba, domin irinsu da tsada. Gero kuwa ɗan kaɗan sai ya shuke fili mai faɗi. Mutum ya ɗauki sungumi yana sara, yaro na biye da ƙwarya, ya jefa 'yan ƙwayoyi a rami, ya tura ƙasa da ƙafa ya taka. Kafin a fita gona kuma an riga an ware wani irin an bar shi a rumbu. In yayyafi ya yaudari shukar, ta tsiro ruwa ya ɗauke ta ƙone, ko tururuwa da zabi suka tone, sai a sake. An yi asarar 'yar tiya da wahalar yini biyu, shi ke nan.

In kuwa ruwan farko ya sauka da ƙarfi, to mai binne ya tsere wa kowa. Ranar da maƙwabcinsa ke neman masu taya shi shuka, nasa geron ya fito. Shi zai fara noman farko, 'ya'yansa za su riga na kowa cin tumu a watan da rumbuna suka yi ƙasa. Wanda ya riga ka barci ai zai riga ka tashi. Shi mai jiran ya ga ruwa ya zauna sosai, yana ganin ya kauce wa asara, alhali a nan arewacin Gombe damina gajera ce, kwanakin da ya yi yana jira daga cikinta aka cire.

Mu da muka ga farin 1973 da na 1984 ba mu daina shuka ba, dabarar raba ƙafa muka ƙara riƙewa: gero da dawa da wake a gona ɗaya, wanda ya ƙi wani ya yi. Yanzu hukumar kula da yanayi ta ƙasa, wato NiMet, tana fitar da hasashen damina kowace shekara, ina saurara a rediyo kuma yana da amfani, amma su ma hasashe suka kira shi. Ka duba ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman, an haɗa saukar da ruwa da cewa babu ran da ya san abin da zai aikata gobe.

To hularka. Kana so wani ya rantse maka za a saya kafin ka zura zare a allura. Ba mai wannan rantsuwar, ko dillalin da ya tsufa a kasuwar Gombe. Aska takwas da ake taƙama da ita a babbar riga, wani ne ya fara zana ta lokacin da ba wanda ya san ta. Kuma a ɗinki akwai abin da takarda ba ta nunawa. Launi biyu da suka yi kyau a zane suna iya yin faɗa a kan ƙyalle, wani kuskuren allurar kuma sai ya fito da fure da ya fi wanda ka yi niyya. Sai hannu ya shiga aiki ake ganin wannan. Yaran yanzu kun fiye son ganin ƙarshen abu a waya tun ba ku fara ba.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne ka zuba jarinka duka a ciki. Ka ci gaba da ɗinka zanna da sauran waɗanda ka san ana nema, su ne abincin gida. Sabon zanen ka yi biyu ko uku da ragowar zare, ka kai wa mai wankin hula ya gyara su sosai, ka sa ɗaya a kanka ranar Juma'a. Kada ka tambayi abokanka ko ta yi kyau, za su faɗi abin da kake son ji. Ka jira wanda zai ce nawa ce.

In za ka zo kafin ruwa ya sauka, ka taho mini da ɗaya, lamba ashirin da uku nake sawa. Ka gaida mahaifiyarka.