Amsar Tambayar Alhaji Kan Murar Tsuntsaye

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhaji, ranka ya daɗe, na ji tambayarka: ya aka yi murar tsuntsaye take share kaji dubu a kwana biyu, amma yaran da ke aiki a cikinsu ko atishawa ba su yi ba?

To, ka san ƙarangiya. Ka ratsa gona, za ta cika maka wando, amma takalmin roba ba ta kama shi. Haka bairas, wato ƙwayar cutar, yake. Ba ya iya hayayyafa shi kaɗai, sai ya shiga cikin ƙwayar halittar jiki, kuma kafin ya shiga dole ya samu abin da zai maƙale a fatar ƙwayar. Bairas na mura yana da ƙayoyi a jikinsa, sunansu hemagulutinin, shi ne ma harafin H ɗin da kake gani a H5N1, sunan wani nau'in bairas na murar tsuntsaye. Abin da ƙayar take kamawa wani nau'in sikari ne, sayalik asid. To a nan maganar take: yadda sikarin nan ya ɗauru a jikin kaza daban, a hancinmu daban. Na kaza ana ce masa alfa 2,3, wanda ya fi yawa a hancinmu da maƙogwaro alfa 2,6. Sai bairas ɗin kaji, da ya saba kama irin na kaza, ya zo hancin mutum, ya rasa mariƙa.

Amma don Allah a saurara, wannan ne ya sa nake wannan bayanin. Irin sikarin na kaza ɗin mu ma muna da shi, can ƙasa cikin huhu. Idan mutum ya shaƙi ƙurar kashin kaji ko ta fiffike mai yawa, ta kai can, to ya kama, kuma kamun huhu ne kai tsaye. Tun 2003, kusan rabin mutanen da aka tabbatar sun kamu da H5N1 sun rasu. Cutar ta fara ɓulla a Afirka a wata gona a jihar Kaduna a 2006, a farkon 2007 ta kashe wata mata a Legas.

Shi ya sa raina yake ɓaci in na ga ana yi wa kaza mai layi saurin yanka, a miƙa wa yara su fige. Dahuwa tana kashe bairas ɗin, a wajen figa ne haɗarin yake. In kaji suka fara zubewa, Alhaji, a rufe ɗakin, a kira malamin dabbobi, kada ko ɗaya ta fita kasuwa.