Motocin tseren MX-5 Cup: wa ke haɗa su?

Malam, ka tambaya ko direbobin gasar Mazda MX-5 Cup ne ke haɗa motocinsu a gareji, ko kuwa a shirye suke sayen su. A shirye ake saye, kuma duk daga hannu ɗaya suke fitowa.

Motar dai MX-5 ce, ƙarama mai kujera biyu, buɗaɗɗen sama. A Hiroshima ta Japan ake ƙera ta kamar ta kowa, sai a kai ta Amurka, wurin kamfanin Flis Performance da ke Daytona Beach a jihar Florida. Can ake kwance ta, a cire kujeru da kafet da duk kayan jin daɗi, a yi mata waldar kejin ƙarfe da zai kare direba idan ta wuntsila. Sai a saka abin kashe gobara, da akwatin giya na kamfanin SADEV mai hawa ɗaya bayan ɗaya.

Injin lita 2 ne, kuma a rufe yake da hatimi. Wanda ya ɓalle hatimin ya taɓa ciki ya karya doka. A ganina nan ne daɗin gasar yake, don mai kuɗi ba shi da damar sayen gudu. Shi ya sa za ka ga motoci sun jeru, kowace hancinta a bayan ta gabanta, har layin ƙarshe.

Da aka fara sayar da wannan samfurin don kakar 2016, dala 53,000 ne kuɗinsa. Yanzu ya haura haka sosai, ban da kuɗin taya da makanikai.