An ji ra'ayinmu kan sashen gaggawa, amma da me za mu riƙe gwamnati?

Tambaya: Assalamu alaikum. Bara gwamnatin jiharmu ta kira taron jin ra'ayin jama'a kan gyaran sashen gaggawa na babban asibitinmu. Mun je, mun yi magana, an yi tafi. Har yau ana mayar da mutane gida da cewa babu gado, wasu kuma sai sun biya kafin a taɓa su. Ta ina za mu ɓullo wa lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Taron da aka tashi ba a rubuta alkawari da adadi da wa'adi ba, babu abin da za a kama a cikinsa. Don haka ku fara neman rahoton taron, da abin da aka ware wa sashen a kasafin kuɗi, da abin da aka saki a zahiri. Warewa daban, saki daban, kuma a tsakaninsu yawancin gyare-gyare suke maƙalewa.

Ba roƙo za ku yi ba. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar neman irin waɗannan takardu ba tare da faɗin dalili ba. Hukuma tana da kwana 7 ta amsa, za ta iya ƙara wasu 7. In ta hana, ko ta yi shiru, kuna da kwana 30 ku kai ƙara kotu. Ku rubuta wa hukumar kula da asibitoci ta jiha, ku aika kwafi ga kwamishinan lafiya da kwamitin lafiya na majalisar dokoki, ku tabbatar an buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a naku kwafin.

Abin da za ku tambaya shi ne mai muhimmanci. Kada ku ce "yaya aikin sashen yake", za a amsa muku da hotunan fenti da sababbin gadaje. Ku nemi alƙaluman wata-wata: minti nawa ake ɗauka daga isowar mara lafiya zuwa tantance tsananin ciwonsa, mutum nawa aka tura wani asibiti saboda rashin gado, nawa suka rasu cikin awa 24 da isowa, likita da nas nawa ke kwana a bakin aiki, sau nawa iskar oksijin ko jini ya yanke. Ma'aunin da ake amfani da shi a Afirka ta Kudu, wanda ke raba marasa lafiya da launi gwargwadon tsananin ciwonsu, ya ce mai alamar ja a duba shi nan take, mai ruwan lemo cikin minti 10, mai ruwan ɗorawa cikin awa 1, mai kore cikin awa 4. Ku sa asibitin ya faɗi nasa ma'aunin.

Maganar "babu gado" kuwa, sau da yawa ba a sashen gaggawa matsalar take ba. Wanda likita ya riga ya ce a kwantar da shi yakan shafe kwanaki a gadon gaggawa saboda ɗakunan kwanciya sun cika: wani an sallame shi bai biya ba, wani yana jiran tiyata ko sakamakon gwaji. Ƙara gadaje goma a gaggawa ba ya warware wannan, cikin mako guda za su cika. Shi ya sa adadin masu jiran gado fiye da awa 24 ya fi komai tona gaskiya.

Batun biya kafin magani ya saɓa wa doka ƙarara. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana ƙin ba da taimakon gaggawa kan kowane dalili, hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. Tarar ta yi kaɗan, amma sashen dokar yana nan. Dokar 2017 ta masu raunin harbi ita ma ta ce a fara magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Sai dai a yi wa ma'aikata adalci: in ba a ajiye musu ruwan ƙari da allurai da safar hannu na masu zuwa babu kuɗi ba, dole su rubuta a sayo. Ku tambayi waye ke biyan kuɗin awannin farko, domin dokar ta 2014 ta keɓe kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko don jinyar gaggawa.

In aka sake kiran taro, ku je da takarda ɗaya mai sa hannun masu unguwanni da limamai da ƙungiyoyin mata, buƙatu uku ko huɗu, kowace da adadi da ranar cikawa, ku nemi a riƙa manna alƙaluman a allon sanarwa na ƙofar sashen duk bayan wata uku.