Tambarin Gasa a Bangon Littafi: In Saya ko In Ara?

Tambayoyin wannan mako duk na masu son karatu ne da aljihu ya takura. Na taƙaita wasu don fili.

Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a Kano. Duk wata nakan ware ɗan wani abu daga albashi in sayi littafi ɗaya. Na lura a shagon da nake zuwa, littafin da aka liƙa wa tambarin cin gasa shi mai shagon yake fara miƙo min, kuma yawanci ya fi tsada. Tambarin nan ya isa hujjar in saya?

Wa alaikumus salam, Malama. Bai isa ba, sai kin san wace gasa ce, kuma a kan me aka ba da kyautar. Masu ɗab'i sun san tambari yana sayar da kaya, shi ya sa suke buga shi da manyan haruffa, bayanin kuma da ƙanana.

Ɗauki kyautar Nobel ta adabi, wadda ake sanarwa daga Suwidin duk watan Oktoba. Ita marubuci ake ba, saboda abin da ya shafe rayuwarsa yana rubutawa. Wole Soyinka ya same ta a 1986, Najib Mahfuz na Masar a 1988, Abdulrazak Gurnah ɗan asalin Zanzibar a 2021. Da zarar an sanar, duk abin da mutumin ya taɓa rubutawa sai a sake buga shi da tambarin, har wanda ya yi tun hannunsa bai faɗa ba. To kin ga mai yiwuwa ne ki biya kuɗin Nobel ki koma gida da mafi raunin aikinsa. Kyautar Caine kuwa, wadda aka fara a 2000, a kan gajeren labari guda ɗaya tak ake ba da ita. Helon Habila ɗan Kaltungo ya ci a 2001. In kin ga sunan gasar a bangon littafi mai shafi 300, ba lallai ne abin da ke ciki shi alƙalai suka karanta ba.

Waɗanda ake ba littafi kansa su ne irin Booker ta Ingila, wadda Ben Okri ya ci a 1991, da kyautar adabi ta kamfanin gas na NLNG a nan Najeriya. Ta NLNG an fara ta a 2004, kuɗinta yanzu dala 100,000, kuma tana zagayawa tsakanin ƙagaggen labari, waƙa, wasan kwaikwayo da adabin yara. Ke nan mai neman labari sai kusan shekara huɗu-huɗu rabonsa yake zagayowa. A 2016 Abubakar Adam Ibrahim ya ci da Season of Crimson Blossoms, labarin wata dattijuwa da rikicin Jos ya raba da gidanta, da alaƙarta da wani matashi ɗan daba. Rubutun ya yi kyau, kuma za ki gane mutanen cikinsa kamar 'yan unguwarku. Amma ba littafin da za ki bari a falo 'yan aji uku su ɗauka ba ne, gara in gaya miki tun yanzu.

Ki kuma duba ko an rubuta ya ci ne, ko ya shiga jerin waɗanda aka tace. Ni a wurina jerin ƙarshen ya fi amfani ga mai saye fiye da sunan gwani. Booker takan fitar da shida, NLNG uku. Wanda ya yi nasara sau da yawa shi ne wanda alƙalai suka iya haɗuwa a kansa bayan jayayya, wanda zai hana ki barci kuwa yana iya zama na biyu ko na huɗu.

Shawarata, kada ki yi cinikin biri a sama. Ki leƙa ɗakin karatu na Murtala Muhammad, ki tambayi ma'aikata ko suna da littafin, ko wani aikin marubucin. In ba a fita da shi, ki zauna nan ki karanta babi biyu. In babu, ki tsaya a shagon ki karanta shafukan farko, mai shagon da yake son cinikinki na wata-wata ba zai hana ki ba. Wanda kika ji za ki sake buɗewa bayan shekara, shi ya cancanci kuɗin albashi. Sauran na aro ne.

Mu matasan wani gari ne a jihar Katsina. Mun sami shago mun mai da shi ɗakin karatu, wani bawan Allah ya ba mu gudummawa mu sayi littattafan Hausa. Wasunmu sun ce tsofaffin da aka sani, wasu sun ce sababbi. Ina mafita?

Allah Ya saka muku da alheri, samari. Ku raba kuɗin, amma ku fara da tsofaffin, domin su ne ɗalibai za su zo nema saboda jarrabawa, dattijo kuma in ya leƙo ya gan su a kanta sai ya yarda da wurin. Wani abin lura, yawancinsu ma 'ya'yan gasa ne. Gasar da Rupert East ya shirya a Hukumar Fassara a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Gasar kamfanin ɗab'i na NNPC na Zariya ta fito da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, waɗanda aka buga a 1980. Ta ma'aikatar al'adu ta tarayya ta ba mu Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa, waɗanda aka buga a 1982. Waɗannan kam sun wuce hukuncin alƙalai, shekaru sun tace su.

Inda za a cuce ku shi ne jabu. Littafin da makarantu suke nema shi ɓarayin fasaha suka fi bugawa. Kafin ku biya, ku buɗe tsakiya ku duba ko tawada ta dushe, ku bi lambar shafi ko an tsallake, ku ɗan lanƙwasa ƙashin bayan ku ji ko gam ɗin zai saki. Lambar ISBN da ke baya ba hujja ba ce, mai satar ya kwafe ta tare da bangon. Littafin aro hannu da yawa yake bi, jabu ba ya kai ƙarshen zango. Wanda kuka san za a yi rububinsa ku sayi biyu, ku sa masa rigar leda tun ran farko.

Sababbin ne da wuya. Tsadar takarda ta sa marubuta da yawa, musamman mata, sun koma sakin labari ta WhatsApp da Wattpad, wanda ya buga ma kaɗan yake bugawa, in ya ƙare shi ke nan. Don haka kada ku jira shago. Ku bi taron ƙungiyar marubuta ta ANA reshen jiharku, ku sa ido kan bukukuwan littattafai irin KABAFEST na Kaduna da aka fara a 2017, da HIBAF na adabin Hausa da aka fara a 2021. Can ne za ku sayi littafi a hannun mai shi, sau da yawa da rangwame in ya ji na ɗakin karatu ne. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata marubuta, ita ma hanya ce ta sanin sababbin sunaye. Ku saurari labaran da ake karantawa a rediyo, wadda alƙalaminta ya kama ku sai ku nemi ko ta buga wani abu.

Sabon littafin Chimamanda Ngozi Adichie, Dream Count, da ya fito a 2025, na gan shi da tsadar da ta tsorata ni. In daure in saya?

'Yar'uwa, duba bangon tukuna. In mai tauri ne kuma bugun Amurka ko Ingila, farashin dala kike biya har da kuɗin jirgi. Al'adar masu ɗab'i a can ita ce su fara da mai taurin bango, bayan kamar shekara su saki mai laushi da araha. Sannan kamfanonin gida irin su Narrative Landscape, Cassava Republic da Masobe sukan yi wa manyan marubutanmu bugun Najeriya, labari ɗaya, kuɗi ƙasa. Ki tambayi mai shago bugun gida. Tun Americanah na 2013 masu karatunta suke jiran sabon ƙagaggen labari, 'yan watanni ba za su rage ki da komai ba.

'Yata mai shekara 12 ba ta son karatu sai waya. Wane littafi mai lambar yabo zan saya mata?

Alhaji, ajiye zancen lambar yabo, ba ta gabanta. Littafin da uba ya zaɓa ya miƙa da fuskar umarni yakan zama aikin gida na biyu. Ka kai ta ɗakin karatu ko shago ranar Asabar, ka koma gefe, ta zaɓa da kanta, ko da mai hotuna ne da kake ganin ta girme shi. A gida kuma ka samo Magana Jari Ce na ɗaya, bayan sallar isha'i ka karanta musu labari guda da murya, ka tsaya daidai inda ya yi daɗi, ka bar littafin inda hannunta zai kai. In mako biyu ya wuce ba ta taɓa shi ba, ka sake rubuto min, ka faɗa min abin da take kallo a wayar, daga nan za mu nemo mata wanda ya yi kama da shi.