Amsa: hotunan biki suna fitowa da duhu

Ɗan'uwa, ka ce hotunan da kake ɗauka a wajen biki suna fitowa da duhu, har kana tunanin sauya waya. Dakata tukuna.

Fara goge gilashin kyamarar; maiƙon hannu da ƙurar hunturu kaɗai sun isa su dusashe hoto. Rana ta kasance a bayanka, ba bayan wanda kake ɗauka ba. In tsakar rana ce ja mutane inuwa, ko ka jira bayan la'asar. Kafin ka danna, taɓa fuskar mutum a allon wayar, musamman in ya sha farar shadda, don farin kan rinjayi kyamara sai fuska ta yi baƙi ƙirin.

Zum kuwa, wato jawo abu kusa daga cikin kyamarar, ni na daina, matsawa kusa ya fi.