Shin ya dace masu fafutukar 'yancin samun bayanai su karɓi kuɗi a hannun jama'a?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace mai fafutuka ya karɓi kuɗi idan ya taimaki mutum neman bayanai daga gwamnati. A ganina bai dace ba, musamman daga talaka.

An yi dokokin 'yancin samun bayanai ne don kowa ya nemi bayanai da kansa, ba sai da ɗan tsakani ba. Dokar Najeriya ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, ba sai ka faɗi dalilinka ba, kuma kuɗin kwafin takardu kawai ta halatta. Ta Indiya ta 2005 ma ta yafe wa matalauta kuɗin nema. To doka ta buɗe ƙofa, sai mai fafutuka ya kafa shinge a bakinta?

Ka dubi dattijuwar da aka riƙe mata fansho, ta zo da takardunta a leda, duk sun yi laushi don yawan ninkewa. Wasiƙar shafi ɗaya take buƙata. Ka rubuta mata, ka koya wa jikanta yadda ake yi.

Amma idan hukuma ta ƙi amsawa har aka kai ga kotu, lauya ba zai ci iska ba. Nan a faɗi abin da za a kashe tun farko, a rubuce. Kamfani ko gidan jarida kuwa, su biya.