Wace ƙaramar bindiga 'yan sandan Amurka suka fi ɗauka?

Malam, ka tambayi wace ƙaramar bindiga 'yan sandan Amurka suka fi ratayawa a ƙugu. Glock ce, ƙirar ƙasar Ostiriya, musamman samfurin 17 da 19. Gangar jikinta roba ce mai ƙarfi, shi ya sa ba ta da nauyi. Ba ta cika cijewa ba, gyaranta kuma ba wuya. A ganina sauƙin farashi ma ya taimaka mata sosai.

FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ta daɗe tana amfani da harsashi mai lamba .40, amma a 2016 ta ba Glock kwangilar bindigogi masu cin harsashin 9mm, domin shi wannan harsashin bai cika girgiza hannu ba, saiti ya fi zama daidai. Sojojin ƙasar kuwa SIG Sauer P320 suka zaɓa a 2017, a madadin Beretta M9.